Kwamfutar Mamaci ta Yi Ƙafa

Da safiyar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Sivdol aka tarar kwamfutar Grozdan ta yi ƙafa daga gidan karatu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. Wayoyinta ne kawai ke reto a gefen tebur, sauran 'yan'uwanta na jere suna ta gurnaninsu kamar ba a yi komai ba.

Da a ce tunkiya ce ta ɓace, da maganar ba ta kai haka zafi ba. Sivdol gari ne na tsofaffi, matasa duk sun watse babban birni Sofiya da Jamus, ɗakin nan shi ne abin tinƙahon da ya rage musu. Wasu masana a can nesa suna neman maganin wata cutar jini, lissafin ya fi ƙarfin na'urorinsu, sai suka yanyanka shi gutsure-gutsure suna aika wa duk mai kwamfutar da ke zaman banza, ta tauna ta mayar musu. Ba a biyan kowa komai. Maki kawai ake rubuta wa kowace ƙungiya a intanet, amma a kan makin nan dattawan Sivdol sun daina gaisawa da na ƙauyen ƙetaren kogi. Grozdan ne ya kawo abin garin bayan cutar ta ɗauke 'yarsa tilo, Bilyana. Shi ya harhaɗa babbar kwamfutar da hannunsa, ya sa mata sunan yarinyar, bai taɓa yarda a kashe ta ba. Ga shi ya rasu, ko arba'in ba a yi ba, an zo an ɗauke abin da ya bari.

Kafin dattijo Stoil, da ake ce wa Bai Stoil don girmamawa, ya iso, gari ya riga ya gama shari'a. Yasen ne, wa ke da mabuɗi in ba shi ba? Yasen shi ke hura murhun gidan karatu, shi ke shara. Ya taɓa zaman gidan yari a kan satar wayar lantarki, aka sake shi da sharaɗi, wato laifi kaɗan zai yi a mayar da shi ya ƙarasa shekarunsa, a kuma ɗora masa sababbi. Paraskev, tsohon malamin lissafi kuma shugaban ƙungiyar, har ya buga wa 'yan sanda waya, sun ce suna tafe da zarar motar kwashe ƙanƙara ta buɗe hanya. Ban da laifin Yasen, abu ɗaya ne bakin kowa ya zo ɗaya a kansa: kada wanda ya gaya wa Nedyalka, matar mamacin, baƙin cikin da take ciki ya ishe ta.

Bai Stoil ya tsufa yana gadin daji, yana bin sawun kerkeci da na masu harbin barewa a ɓoye. Mutum ne mai taurin kai, ba ya kuma son maganar da kowa ya yarda da ita tun kafin a karya kumallo. Ya fi kowa haƙƙi a lamarin, don shi ne kum ɗin Grozdan, wato uban aurensa, shi ya tsaya musu a coci ranar aure, shi ya riƙe Bilyana ranar baftisma. Ya dubi filin gaban ginin, fari fat, ƙanƙarar da ta kwana zuba ta shafe komai.

Ya ce, "Kafin a buɗe hanyar nan zan san wanda ya ɗauke ta. In Yasen ne, ni zan miƙa shi da hannuna."

*

Ya sami Yasen a bayan ginin yana faskare, yana sara kamar itacen ne ya yi masa ƙazafi.

"Ajiye gatarin nan mu yi magana."

"Magana ta ƙare, Bai Stoil. Ai ka ji su."

"Na ji su. Kai nake so in ji. Yaushe ka kulle?"

"Da yamma, da ƙanƙara ta fara. Na cika murhu, na kulle, na wuce gidan innata na gyara mata famfo. Lokacin kwamfutar na nan tana ta aikinta."

"Innarka za ta yi maka shaida?"

Yasen ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Innar da jiya da sunan babana ta kira ni? Ka kai ta gaban alƙali ka sha kallo."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Nawa, da na Malam Paraskev. Na Bai Grozdan kuwa ina jin da shi aka binne shi, don ba ya raba shi da aljihu." Ya share hanci da bayan hannu. "In na sace ta, ina zan kai ta a garin da ba hanya? Amma wa zai tsaya ya tambayi wannan? Da safen nan mata biyu suka hango ni suka tsallaka titi. Ko kyanwar gidan karatu ta guje ni, na ajiye mata kan kifi, ga shi can ya daskare a kwano."

Stoil ya ƙare masa kallo. Ya sha ganin maƙaryata, yawancinsu yawan bayani ne ke tona su. Wannan tsoro ne kawai ya cika shi, tsoro kuwa mai gaskiya da ɓarawo duk suna jinsa, don haka bai ce ya wanke shi ba, bai kuma ce ya kama shi ba.

*

Paraskev na kicin yana shan miyar wake, gilashi a kan hanci, wani a goshi.

"Kai ma kana da mabuɗi," in ji Stoil, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"To, ni ne ɓarawon ke nan? Da wannan bayan nawa? Ko buhun dankali ba na iya ɗagawa, kai ma ka sani, tsohon kerkeci."

"An ce ka sa ido a kan kayan cikin kwamfutar."

"Ba 'an ce' ba ne, ni na faɗa, a gaban kowa. Ta tsufa, tana shan wuta a banza. In aka farke ta aka raba kayan cikinta ga sauran, za mu wuce mutanen ƙetaren kogi kafin bazara. Ƙungiya Grozdan ya bar wa ita, ba gidan tarihi ba."

"A gaban kowa a ina?"

Paraskev ya ɗan juya cokali. "Wajen cin abincin jana'iza."

"Lallai ka iya zaɓen wuri."

"Magana ce ta zo da magana. Na ce a makon nan za a farke ta, ba wanda ya musa." Ya tura kwanon gefe. "Abin da ke ƙona mini rai, cike take da aiki. Grozdan yakan tara mata lissafi kamar mai tara itacen hunturu, saboda intanet ɗinmu mai ɗaukewa. Ko ba waya sai ta daɗe tana taunawa. In ba a mayar wa masanan da sakamakon a kan lokaci ba, wahalar duk ta tafi a banza."

Stoil ya fito yana tsaki. Mutumin ba shi da ta-ido, amma wanda za a miƙa wa abu a makon nan da rana tsaka ba shi da dalilin sace shi.

*

A ƙarƙashin indararon ginin, inda ƙanƙara ba ta kai sosai ba, ya sami abin da yake nema: sawun babban takalmi, dugadugin hagu ya ci, ya kuma nutse irin na mai ɗauke da nauyi.  Ya bi shi jikin katanga, nan ya ɓace, can ya sake fitowa a gindin bishiya, har ya dire a rumfar bayan kantin Dicho. Surukin Dicho kuwa shi ke shugabancin ƙungiyar ƙetaren kogi. Biri ya yi kama da mutum.

Dicho ya fito yana goge hannu, ya tare ƙofar rumfar da tumbinsa. "Bai Stoil, lafiya? Shigo kanti in haɗa maka kofi."

"Me ka ɗauko ta bayan gidan karatu jiya?"

"Ni? Ina kanti har aka rufe."

"Dugaduginka na hagu bai yarda ba. Buɗe."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gumi ya keto wa Dicho a cikin wannan sanyi, ya matsa gefe. A cikin rumfar akwai abu mai nauyi lulluɓe da bargo. Stoil ya yaye, sai ga tukunyar tagulla ta dafa barasa, wadda hukuma ba ta san da zamanta ba.

"Aro na yi," in ji Dicho da ƙaramar murya. "Na bi ta baya don kada a gani. Don Allah in 'yan sandan nan sun zo..."

"Ka ga wani a hanya?"

"Wa zan gani? Ƙanƙara na zuba, ko hannuna ba na gani. Ƙarar katakon jan itace a kan ƙanƙara kawai na ji ta wajen coci, na laɓe har ta wuce. Wata tsohuwar ce dai ke jan itacenta."

Stoil ya mayar da bargon. Yini guda ya ƙare a kan tukunyar barasa, haushin kansa ya kama shi.

*

Washegari sama ta washe. Daga can ƙasan kwari ana jiyo rurin motar kwashe ƙanƙara, tana hawowa a hankali. Stoil ya koma bayan gidan karatu, ba don yana da wata dabara ba, sai don bai iya zama ba. Nan ya ga kwanon kyanwa a lashe ƙal.

Ya tsuguna. Ga ƙananan sawu sun zo, sun zagaya kwanon, sun koma ta inda suka fito. Kyanwa da ta saba da wuri ba ta barinsa a tsakiyar hunturu, ga murhu, ga mai ba ta abinci. Sai ya tuno inda yake ganinta duk lokacin da ya leƙa wajen Grozdan. Ba ta taɓa kwanciya gindin murhu ba, don murhu yakan mutu kafin asuba. A saman babbar kwamfutar take naɗewa, inda iska mai ɗumi ke fita dare da rana. Ashe ba Yasen ta guda ba, ɗuminta ta bi. In kuwa akwai ɗumi, to kwamfutar a kunne take, ɓarawo kuma ba ya sata ya je ya kunna.

Ya bi sawun. Sun ratsa ƙarƙashin shinge, sun hau katangar coci, sun sauka, sun miƙe ta lungun da ƙafarsa ta fi sani a duk garin. Tun kafin ya kai ya so a ce ya yi kuskure. A jikin ƙofar gidan ga takardar rasuwa da hoton Grozdan. A bayan gidan ga rumfar itace, kuma a duk rufin unguwar nata ne kaɗai ƙanƙara ta narke a tsakiyarsa, ruwa na ɗiga.

Ya tura ƙofar. Kwamfutar na kan benci tana gurnani, kyanwa a samanta, kyandir da kwanon dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci a gefe. Nedyalka na zaune a kan kututture cikin baƙaƙen kaya.

"Rufe ƙofar, Kum, ɗumi na fita," ta ce, ko razana ba ta yi ba.

Ya rufe. "Ke kaɗai kika jawo ta?"

"Na ja itacen da ya fi ta nauyi. Mabuɗin kuwa a aljihun Grozdan na cire kafin a sa masa kwat." Ta gyara kyandir. "Ina zaune na ji Paraskev, bakinsa cike da abincin mijina, yana cewa a farke ta. Ni ban iya gardamar na'ura ba, in na yi magana za su rufe ni da lissafi. Kai ka san arba'in ɗin nan ruhinsa yawo yake yi, yana bin duk inda ya saba zuwa. In ya je gidan karatu ya tarar an fige Bilyana kamar kaza, me zan ce masa?"

Tausayinta ya kama Stoil har ya rasa ta inda zai fara. Amma ruri na ƙara matsowa daga kwari, sai ya gaya mata abin da gari ya ɓoye mata: an ce sata aka yi, an ce Yasen ne, 'yan sanda na bayan motar can, in suka tafi da shi ba zai ga Sivdol ba sai bayan shekaru.

 Ya zaci tashi za ta yi ta ɗauki mayafi.

"Kwana kaɗan suka rage, Kum," ta ce a hankali. "Ai Yasen ya saba da gidan yari. Bayan arba'in sai in je in faɗa da bakina, su sake shi."

"Ba haka ake sakin mutum irinsa ba, Nedyalka. Shiga ce mai sauƙi, ba fita ba."

"In ka faɗa yau, yau za su ƙwace ta. Kai ka riƙe yarinyar nan a coci."

"Na riƙe ta. Shi ya sa ba zan bari a rufe ɗan wani da sunanta ba." Ya sa hularsa. "Zan tara mutane a gidan karatu da tsakar rana. Zan yi magana a hankali, in ja ta iya yadda zan iya. In kika miƙe kafin in kai ƙarshe, bakinki ne ya faɗa. In ba ki miƙe ba, nawa zai faɗa."

*

Ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Yasen na can kan bencin baya shi kaɗai, an bar masa fili dama da hagu. Da Nedyalka ta shigo, aka yi ta zungurar juna, wata ta raɗa wa Stoil cewa a ɗaga maganar, ba a gaban mai takaba ba. Ya yi kamar bai ji ba.

Ya fara da Paraskev, ya faɗi mabuɗinsa da kwaɗayinsa na kayan ciki, ya wanke shi. Ya koma kan Dicho, ya ce ya bi sawunsa ya ga abin da ya ɗauko, ba kwamfuta ba ce, abin da ya rage kuma tsakaninsa da cikinsa ne. Aka ɗan yi dariya. Ya yi tari, ya nemi ruwa, ya sha a hankali. Ya dubi Nedyalka, idonta na kan hannuwanta.

"Saura Yasen," wani ya ce daga baya. "Ka daina kewaye-kewaye, Bai Stoil."

"Yasen yana da mabuɗi, yana da tsohon laifi. Iyakar abin da kuke da shi ke nan, da shi kuma kuka yanke masa hukunci." Ya ba su labarin kyanwa, ya bi sawunta da su shinge bayan shinge, katanga bayan katanga, yana tsayawa inda babu dalilin tsayawa. A waje motar kwashe ƙanƙara ta yi hon a kwanar shiga gari. Ya sake dubanta. Ba ta motsa ba.

Bai taɓa jin nauyin magana a bakinsa kamar ranar ba, amma ya faɗe ta. "Kwamfutar na rumfar itacen Grozdan, a kunne, tana aikinta. Nedyalka ce ta kai ta can da mabuɗin mijinta, don kada a farke ta kafin arba'in."

 Nedyalka ta miƙe, ta gyara ɗankwali. "Ni ce," ta ce. Ta dube shi ido cikin ido. "Ka gama aikinka, Stoil. Kada ka zo arba'in."

Tun da ta yi aure ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai, ya karɓa.

Nan take bakuna suka buɗe, abin mamaki kuma duk da uzuri. Ai wannan ba sata ba ce. Ai kayan mijinta ne. Baiwar Allah, wa zai ga laifinta? Paraskev ya cire gilashinsa yana gogewa, ya ce shi ne da laifi, a bar mata kwamfutar har arba'in da bayan arba'in, shi zai ja mata wayar intanet don sakamakon ya isa ga masu shi, yanzu kuma zai fita ya gaya wa 'yan sanda kuskure aka yi. Mutanen da suka gama shari'ar Yasen kafin karin kumallo, ko ɗaya bai waiwayi bencin baya ba.

Stoil ne ya ratsa su ya je. "Tashi, Yasen. Ba inda za su kai ka."

Yasen bai tashi ba. Can ya sunkuya ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin benci, a ɗaure tsaf, bakinta ya ɗan buɗe, ana ganin safar ulu da sabulu da rigar sanyi.

"Wannan fa?" in ji Dicho. "Tafiya za ka yi?"

"Wancan karon da takalmin rani suka tafi da ni," in ji Yasen. "Akwai sanyi a can."

 Nedyalka, da ta kai bakin ƙofa, ta tsaya da hannunta a kan mariƙi tana kallon safar, ta kasa fita, ta kasa dawowa. 

Stoil ya ɗaure bakin jakar, ya rataya ta a kafaɗarsa, ya kama Yasen a damtse ya ɗaga shi. Mutane suka dare musu hanya. A waje motar 'yan sanda ta tsaya, Paraskev na jingine da tagarta yana ta bayani da hannu biyu. Yasen ya ja burki da ya gan ta.

"Ci gaba da tafiya," in ji Stoil. "Gida za mu."

Suka wuce ta gefen motar, ba wanda ya kira su.